Daga Tawa zuwa Buza a kan babur: yadda ake gano hanya mai kwane-kwane a kudancin Nijar

Duk wanda ya taɓa ɗaukar babur daga Maraɗi zuwa Damagaram ya san abin da ake kira miƙaƙƙiyar hanya. Sama da kilomita 230 ne, ta Agiye da Gazawa da Tasawa da Takeita, kwalta ta miƙe kamar an ja zare, gonakin gero dama da hagu, sai gawo nan da can. Kafin a yi rabi baya ya gaji, ido ya fara lumshewa.

Shi ya sa matasanmu da ke kallon bidiyon masu babur a duwatsun Maroko ko na Turai a TikTok da Facebook sukan ɗauka cewa irin wannan yawo ba namu ba ne. Ƴan uwa da ke zaune a waje su ma idan sun zo hutun gida, daga tasha sai gida, daga gida sai gaisuwar dangi, har hutun ya ƙare. Alhali kuwa hanyoyi masu hawa da gangara da kwane-kwane suna nan a jihohin Tawa da Damagaram da Maraɗi, kuma ana iya zagaya su tsakanin safiyar Asabar da yammacin Lahadi. Sai dai gano su yana buƙatar abu biyu: taswira, wadda za ta nuna inda hanya ta lanƙwasa, da kuma mutanen tasha, waɗanda za su faɗi ko hanyar tana biyuwa a wannan makon.

A bi ruwa da dutse

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Damagaram har zuwa Difa da Ngigmi, an yi ta ne don manyan motoci su kai kaya da fasinja cikin sauri. Inda ƙasa ta shimfiɗu, injiniya ba shi da dalilin lanƙwasa kwalta. Hanya tana lanƙwasa ne idan ta haɗu da abin da ya fi ƙarfinta: dutsen da sai an kewaye shi, kwarin da sai an sauka cikinsa a hankali, ko gulbin da sai an bi gefensa har a samu mashiga.

Ke nan mai neman hanyar yawo ya fara da tambayar kansa inda duwatsu da ƙoramu suke. A kudancin ƙasar wuraren ba ɓoyayyu ba ne. Akwai tuddan Adar da kwarin Magiya a jihar Tawa, akwai duwatsun da suka kewaye Damagaram da fadamar Korama a kudancinta, akwai gulbin Maraɗi da tafkin Madarunfa, sannan akwai tsaunukan Dogon Dutsi a bakin Dallol Mawri. Sunayen garuruwa ma suna ba da labari. Inda aka ji dutsi ko kwari ko gulbi ko fadama a cikin sunan gari, galibi ƙasar wurin ba shimfiɗaɗɗiya ba ce.

Abin da salula ke iya yi

A cikin Google Maps akwai shafin da ke nuna tudu da gangare, akwai kuma na hoton tauraron ɗan'adam. Na farko yana nuna inda ƙasa ta tattare: inda inuwar tuddai ta yi duhu kuma layin hanya ya yi ta karkacewa kamar tafiyar maciji, nan ne wurin. Na biyu yana nuna abin da ke ƙasa. Baƙin layi kwalta ce, jan layi hanyar jar ƙasa ce, farin layi mai faɗi kuwa sau da yawa ba hanya ba ce, ƙorama ce mai yashi. Tsanwa a tsakiyar fako alama ce ta lambuna da ruwa da inuwar hutawa.

Masu zaune a Turai sun san manhajoji irin su Kurviger da Calimoto, waɗanda ke zaɓa wa mai babur hanyar da ta fi kwane-kwane. Suna aiki da bayanan OpenStreetMap, kuma a ƙasashen da kowace hanya take da kwalta abin yana tafiya daidai. A nan kuwa manhaja ba ta bambance hanyar mota da turbar amalanke yadda ya kamata, ba ta kuma san gadar da ruwa ya ci a daminar bara ba. Amfaninta shi ne ta ba da shawara ta farko. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sauke taswirar yankin cikin salula tun daga gida, ta OsmAnd ko Organic Maps ko shi kansa Google Maps, domin da an sauka cikin kwari layin waya yakan ɗauke.

Bayan an zana hanya a salula, sai a nufi tasha. Direbobin motocin kasuwa, ƴan kabu-kabu da masu faci na bakin hanya su ne suka bi ta jiya da shekaranjiya. Tambayoyin ba su da yawa: ina kwalta ta ƙare, wace ƙorama ce ke da ruwa ko yashi mai zurfi, ina ake samun mai, kuma ƙarfe nawa mutanen yankin ke daina tafiya. A tambayi mutum biyu ko uku dabam-dabam, domin wanda ya saba da hanya yakan raina wahalarta. Matambayi ba ya ɓata.

Zagayen Adar

Idan ana maganar hawa da gangara a kudancin Nijar, Adar ce kan gaba. Ƙasa ce ta tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, wasunsu sun haura mita 600, waɗanda ruwa ya tsattsaga ya bar kwaruruka masu faɗi a tsakaninsu. Hanyar da ta tashi daga Tawa ta bi Tamaske da Keita da Buza ta sauka Madawa tana ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Daga Madawa sai a kama babbar hanya zuwa yamma ta Galmi da Malbaza, a juya arewa a mararrabar Tsarnawa, a bi Badagishiri a koma Tawa. Gaba ɗaya tsakanin kilomita 350 ne da 400, daidai tafiyar yini biyu ba tare da gaggawa ba. Mutumin Maraɗi yana iya shiga zagayen ta Madawa, sai dai ya ƙara kimanin kilomita 150 zuwa, 150 dawowa, don haka gara ya tashi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Daga Tawa zuwa Keita kimanin kilomita 70 ne. A saman tudu ƙasa jajir ce mai tsakuwa, iska tana kaɗawa, ido yana kaiwa nesa. Sai kawai hanya ta karkata ta fara sauka, kwari ya buɗe a ƙasa da lambunan albasa da tumatir da rumbunan laka masu kama da tulu. Wannan sauyi daga fako zuwa tsanwa cikin ƴan mintoci shi ne abin da mai babur yake zuwa nema, kuma yana maimaituwa sau da dama kafin a kai Buza.

Wanda ya tsaya ya dubi gefen tuddan Keita da kyau zai ga layukan duwatsu da ramuka a jere, da itatuwa a inda da babu ko ciyawa. Aikin hannu ne. A 1984, shekarar fari mai tsanani, aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kuma Shirin Abinci na Duniya, wanda ya riƙa biyan ma'aikata da abinci. An haƙa ramukan tare ruwa a jikin tuddai, an jera duwatsu, an gina madatsun ruwa, an dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun a kansu mata ne, saboda maza sun tafi ci-rani. Da yawa daga cikin Adarawan da ke karanta wannan labari a Abijan ko Libiya ko Turai, iyayensu da kakanninsu mata ne suka yi wannan aiki.

A wajen Buza kuma kwarin Magiya ne. Nan ma akwai abin tsayawa a gani: dogayen layukan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, da suka ratsa gonaki bibbiyu-bibbiyu, tsakanin kowane jeri da na gabansa kimanin mita 100. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da manoman yankin suka fara dasa su don kare gonaki daga iskar da ke kwashe ƙasa. Daga saman tudu ana ganinsu kamar an tsefe kwarin da mataji.

Ana iya kwana a Buza ko Madawa, wajen dangi ko gidan saukar baƙi. Ranar Lahadi hanya ta fi sauƙi, amma ta fi cunkoso. Galmi ita ce garin da jar albasar da ta yi suna a duk Afirka ta Yamma ta samo sunanta, kuma lokacin kwasar albasa manyan motoci sukan cika bakin hanya. A Malbaza akwai kamfanin siminti da motocinsa. Daga Tsarnawa zuwa Tawa hanya tana sake sauka cikin kwarin Badagishiri ta haura, kamar sallama daga Adar.

Damagaram da Maraɗi

Mutumin Damagaram ba sai ya yi nisa ba. Manyan duwatsun da suka cika unguwar Birni suna ci gaba a wajen gari, kuma kilomita 18 kawai gabas akwai Mirriya da lambunanta da kukokinta da maginan tukwane. Wanda ya ƙara gaba a kan babbar hanya zai kai Gidimuni, inda tafki da dabino da lambuna suke kwance a tsakanin tuddan yashi. Wannan tafiyar yini ɗaya ce, a tafi da safe a dawo kafin la'asar.

Mai son ya cika yini biyu sai ya yi kudu: Takeita, Kance, Matamai, Magariya, sannan ya hauro ta Bande ya koma Damagaram, kusan kilomita 250. Nan babu tuddai irin na Adar. Daɗin hanyar yana cikin fadamun Korama, inda ake noman rake da rogo da kayan lambu, da kuma gawon da ya rufe gonaki. Yankin Mirriya da Magariya da Matamai yana cikin wuraren da manoma suka dawo da itatuwa ta hanyar barin tsiro ya girma a gona maimakon sare shi, aikin da masana suka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar tun daga tsakiyar shekarun 1980. A lokacin sanyi, sa'ad da sauran itatuwa ke zubar da ganye, gawo shi ne yake tsanwa.

A Maraɗi ƙasa ta fi shimfiɗuwa, don haka gulbi ne jagora. Hanyar Madarunfa, kimanin kilomita 25 kudu da birnin, tana bin yankin gulbin ta gefen gonakin noman rani na Jiratawa har zuwa tafkin, wanda ke kewaye da kaburburan waliyyai 99 da mutane ke ziyarta. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Gajeriyar tafiya ce, ta hantsi zuwa azahar, kuma dalilin da ya sa ya kamata ta tsaya a haka shi ne batun da ke tafe.

Abin da taswira ba ta nunawa

Babur a Nijar ta yau ba abin hawa kawai ba ne a idon jama'a da jami'an tsaro. Da shi ake kai mafi yawan hare-hare a karkara. Shi ya sa aka hana zirga-zirgar babura a jihar Difa a 2015, aka kuma hana a sassa da dama na jihar Tilaberi a farkon watan Janairun 2020. Gundumomin Tasara da Tiliya a arewacin jihar Tawa sun shiga dokar ta-ɓaci tun watan Maris na 2017. A ranar 9 ga Agustan 2020, a dajin raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, wasu mahara a kan babura suka kashe mutum takwas da suka je yawon buɗe ido, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da ɗan rakiyarsu ƴan Nijar. Ranar Lahadi ce, kuma hanyar tana cikin waɗanda mutanen Yamai suka ɗauka ta hutun ƙarshen mako ce.

Saboda haka mazaunin Yamai, wanda jihar Tilaberi ta kewaye birninsa, zai fi dacewa ya hau bas zuwa Tawa ko Damagaram ya ari babur wajen ɗan uwa ko aboki. Tsaunukan Dogon Dutsi da garin Lugu na Sarauniya Mangu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Faransawa a 1899, suna jan hankali ƙwarai, amma yankin ya ga hare-hare a shekarun nan. Haka kudancin gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji da Madawa da Ƙonni, wajen iyaka da Najeriya, inda satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi ƙauyuka. Dajin Baban Rafi ba wurin yawo ba ne, komai kyan da ya yi a hoton tauraron ɗan'adam.

Dokokin hana babur da na hana fitar dare suna sauyawa daga gunduma zuwa gunduma, kuma daga wata zuwa wata. Kafin a tashi a leƙa wajen jandarma ko ofishin magajin gari a tambaya. A riƙe katin ɗan ƙasa da lasisin tuƙi da takardun babur da inshora. A shingen bincike a rage gudu tun daga nesa, a cire abin da ya rufe fuska, a kashe inji idan an buƙata. Kada a ɗauki hoton shinge ko barikin soja, kada kuma a sa tufafi masu kama da kaki.

Yawan ayari ma abin lura ne. Mutum ɗaya shi kaɗai, idan ya faɗi ko taya ta fashe, babu mai taimakonsa. Babura goma kuma idan suka shigo ƙauye a guje da ƙura, mata za su kwashi yara su shige gida. Babura uku ko huɗu sun isa. A shiga gari a hankali, a yi sallama a majalisar dattawa, idan za a daɗe a gaida mai gari a faɗi daga inda aka fito da inda za a. Mintoci biyar na gaisuwa sukan kawo ruwan sha da labarin hanyar gaba.

Lokaci da shiri

Mafi kyawun lokaci shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. An gama damina, ƙoramu sun janye, tafkuna suna cike, lambuna sun fara tsanwa. Sai dai ranar da hazo ya sauko, tudun da ake hange daga nesa yakan ɓace, motar da ke tafe ma ba a ganinta sai ta matso. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, inji da mutum duk suna wahala. Damina kuwa ita ce ta fi kyan gani kuma ita ce ta fi haɗari. A Adar ruwan da aka yi a wani tudu mai nisa yana iya cika ƙorama cikin ɗan lokaci alhali sama tana garau a inda mutum yake. A wurare da yawa babu gada, sai shimfiɗar siminti a gindin ƙorama. Idan ruwa yana gudu a kanta, a jira. Ambaliyar 2024, wadda ta yanke manyan hanyoyi ta kuma rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta isa darasi.

Ba sai da babban babur ba. Irin na yau da kullum mai ƙarfin 125 ko 150 yana yin zagayen Adar, in dai an kai shi wajen bakanike tun ranar Alhamis an duba taya da birki da sarƙa da fitila, an kuma canza baƙin mai. Irin wannan babur yakan sha lita biyu da rabi zuwa uku a kilomita 100, wato lita 10 zuwa 12 a duk zagayen. A farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa lita a 2024, kuɗin mai bai wuce jika shida ba. A cika tanki a gidan mai duk inda aka samu, a kuma ɗauki tib na ajiya da famfo da kayan faci da filogi da ruwan sha aƙalla lita uku kowane mutum.

Kwanar da ake nema ita ce kuma ke kayar da mutum. Wanda ya saba da miƙaƙƙiyar kwalta yakan shiga kwana da gudun da ya zo da shi. A rage gudu kafin a shiga, a sa ido inda hanya za ta fita, a tsaya a hannun dama, domin bayan kowace kwana ana iya samun amalanken jaki ko garken awaki ko motar kasuwa a tsakiyar hanya. A gindin gangara yashi da tsakuwa sukan taru, kuma damƙe birkin gaba a kansu faɗuwa ce. Hular kwano a ɗaure ta a haɓa, ta direba da ta wanda aka goya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin 100, kuma a tsakanin Keita da Buza babban asibiti ba kusa yake ba.

A tsara tafiya yadda za a isa masauki kafin magariba, a bar wa wani a gida jerin garuruwan da za a bi, a kuma kira shi a kowane zango. Idan mutanen tasha suka ce kada a bi wata hanya a wannan makon, a sauya ko a fasa, ko da an riga an cika tanki. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma tuddan Adar suna nan har Asabar mai zuwa.